Ranar Gwaji Ku Hau Kan Jirgin Tare

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke riƙe da ɗan numfashin da ya rage mini.

Ni ne mahaifinku, tsohon shugaban kanikawan loko, wato wurin gyaran kawunan jirgin ƙasa, a kamfanin fasa dutse. Ina rubuta wannan a ɗakina, zaune a bakin gado, da rana tsaka, taga a buɗe. Hankalina yana jikina, tunanina bai gauraye ba, ba wanda ya matsa mini, ban kuma sha maganin nan mai sa jiri ba sai na gama. In kun ga rubutun ya karkace, laifin yatsu ne, ba na kai ba. Baffanku yana zaune a nan, tare da tsohon abokin aikina Mai Shebur, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zuba wa jirgi kwal. Su biyu za su sa hannu a ƙasa.

Takardar taku ce ku uku: Babba, wanda ya gaje ni a aikin kanikanci, 'yata Uwata, wadda ke jinyata, da Gajere direba, wanda ya fi kowa tsawo a gidan nan amma sunan ya ƙi barinsa.

Akan ajiye wasiyya sai an dawo daga maƙabarta. Wannan ba za ta jira ba. Uwata, gobe ki tara su ki karanta musu. In sun ƙi zama a ɗaki ɗaya, ki karanta sau biyu. Dalili shi ne, nan da 'yan kwanaki za a fitar da tsohon kan jirgin nan mai tururi gwaji bayan babban gyara. Babba ne ya yi aikin boris ɗinsa, Gajere ne zai tuƙa, kuma kusan shekara biyu ke nan ɗayanku bai ce wa ɗaya ko sannu ba. Likita ya gaya mini gaskiya da na tambaye shi: wataƙila in kai ranar, wataƙila ba zan kai ba. Ina tsoron ranar nan fiye da yadda nake tsoron tawa. Zan zo kanta. Bari in fara kawar da ƙananan abubuwa, don kada a ce tsoho ya manta.

1. Gida da abin da ke cikinsa. Rabon gado ba nawa ba ne, addini ya riga ya yanka wa kowa nasa. Baffanku zai kira masana su raba, kowa ya karɓi abin da aka ba shi ya yi shiru. Abu ɗaya nake roƙo. Babba, na ga bulon da ka sa aka jibge a bayan ɗakin girki, na kuma san ba kaji za ka gina wa ɗaki ba. Kada a ja katanga a tsakar gidan nan muddin mahaifiyarku tana da rai. Ba za ta riƙa fita titi tana zagayowa don ta ga jikokinta ba.

2. Kayan aikina. Waɗannan kyauta ce na yi tun ina raye, a gaban shaidun nan biyu, ba sa cikin gado. Babba, akwatin katako naka ne da duk abin da ke ciki: ƙarafan kankare boris, ma'aunai, gwangwanin shuɗin gwaji, da ƙaramar gudumar da nake ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi da ita. Ƙarfen kankara mai lanƙwasa ɗin nan daga tsohon magagari na ƙera shi, kada ka kai shi injin wasa wuƙa, dutsen mai kawai yake so. Gajere, butar mai mai dogon baki taka ce, da agogon aljihu. Yana gudu kaɗan, kamar mai shi na gaba. Uwata, littattafai duka naki ne, da tarin jaridun da mahaifiyarki ta daɗe tana barazanar hura wuta da su. Na injiniyanci kuwa ki bar su inda 'yan'uwanki za su iya ɗauka ba sai sun roƙa ba, don kin san su da roƙo.

Na yi tunanin in ɗora sharaɗi a kan kyautar nan, in ce ba wanda zai taɓa komai sai kun shirya. Na fasa. Na san ku. Za ku bar akwatin ya yi tsatsa a ƙarƙashin gado kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara sunkuyawa.

3. Abin mutane. Ba wanda ke bina kuɗi, ni ma ba na bin kowa. Jak ɗin da ke zaure ba nawa ba ne, na marigayi mai walda ne na bakin kasuwa, a mayar wa matarsa. Na kuma yi wa mai injin niƙa na layinmu alkawarin zan zuba wa injinsa sabon bushi, wato boris na tagulla, ciwo ya riga ni. Babba, ka cika mini, kada ka karɓi ko sisi.

4. Mahaifiyarku. Ɗakinta nata ne, rediyona ma nata ne, ko da yake ta ce ba abin da yake kamawa sai labarin yaƙi. Ku sani ta gaji. Tun da kuka ɓata, kwano biyu take jerawa a wuri biyu, tana lissafin wanda zai shigo da wanda zai fita kamar mai ba jirage hannu a tasha. Rannan na ji tana gaya wa maƙwabciya cewa ta haifi jirage biyu a layi ɗaya, aikinta kullum ta hana su karo. Matar ta yi dariya. Ita ba ta yi ba.

5. Yanzu maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Zan yi bayani dalla-dalla, ba don Babba da Gajere ba, sun san shi, sai don Uwata da mahaifiyarku da matan gidan nan su gane cewa ba rigimar tsufa ke damuna ba.

Tururi yana tura fistin, fistin yana tura wata doguwar sandar ƙarfe, nauyinta ya fi na ƙato biyu. Ƙarshen sandar yana rungume da wani guntun ƙarfe da ya fito daga jikin babbar ƙafar jirgi kamar turke. Duk juyin da ƙafar za ta yi, kan sandar yana zagaya turken nan, da dukan ƙarfin injin a bayansa. Abin da ke tsakaninsu shi ne boris. Ba irin mai ƙwallaye na keke ba ne. Tagulla ce aka shafe cikinta da farin ƙarfe mai laushi, wanda ake narkawa a zuba, in ya huce a kankare shi da hannu. Akan shafa shuɗi a jikin turken, a ɗora boris, a juya, a cire. Inda shuɗin ya kama, nan ne tudu, sai a kankare. A sake ɗorawa, a sake cirewa, har shuɗin ya bazu ko'ina daidai. Abin da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe bai kai kaurin takardar nan ba, kuma a nan mai yake zama. In ya yi yawa, sanda ta riƙa bugu. In ya yi kaɗan, mai ya rasa wurin shiga, zafi ya taru.

Ga abin da mutanen waje ba su sani ba: sabon boris, ko wane gwani ne ya yi shi, sai ya yi ɗumi a fitarsa ta farko. Wanda aka yi da kyau ma ya fi saurin ɗumi, don ya zauna cif. Akwai ɗumin da ke nuna ƙarfe yana neman wurin zamansa, zai sauka da kansa. Akwai wanda ke nuna farin ƙarfen ya kusa narkewa. A farkonsu kusan ɗaya suke. Wanda ya fi kowa iya raba su shi ne wanda ya kankare, don shi ya san inda ya bari da ɗan matsi da inda ya sassauta.

Shi ya sa muke da ƙa'ida a loko wadda ba a rubuta ta a littafin kamfani ba, na tarar da ita, na kuma bar ta: wanda ya kankare boris shi ke hawa tare da direba ranar gwaji. A tafi a hankali. A kowace tasha a tsaya, bakanike ya sauka ya bi sanduna ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan hannunsa, don tafin hannun bakanike ya yi kanta, ba ya jin komai. In ya ce a tafi, a tafi. In ya ce a jira, a jira, ko da manaja ne a cikin jirgin yana duba agogo. Kowace rana direba ne sarki a ɗakinsa, ban da wannan. Ranar gwaji direba yaron bakanike ne.

Na ga abin da ke faruwa in farin ƙarfe ya narke jirgi yana cikin gudu. Ina matashi aka tura mu kwaso wani kan jirgi a gangaren da ke kafin gada. Boris na gefen dama ya narke, sanda ta sami wurin wasa, ta yi ta dukan turken har ƙusoshin da ke riƙe da kanta suka tsinke. Sanda mai wannan nauyi in ta kuɓuce ba faɗuwa take yi ba, ƙafa tana juyawa tana wulwula ta. Ta fasa dandamalin gefen tukunya, ta shigo ɗakin direba ta ƙasa, daidai inda direba ke tsayawa. Mai zuba kwal ya tsira, ko ƙwarzane bai yi ba, yana gefen hagu. Direban kuwa, mu muka tattara shi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, mahaifiyarku za ta ji takardar nan. Abin da zan ce kawai, Gajere ma a gefen dama yake tsayawa, kuma hanyar gwaji ta gangaren nan take bi.

6. Rigimarku. Zan faɗe ta yadda na san ta, kowa ya ji da kunnensa a gaban ɗan'uwansa.

Shekara biyu da suka wuce, boris na dama a wannan kan jirgin ya yi zafi a hanya. Allah ya taƙaita, Gajere ya ji warin mai yana ƙonewa ya tsaya kafin sanda ta kuɓuce. Kamfani ya zauna bincike. Aka tambayi Gajere, ya ce shi ya zuba mai kamar kullum, aikin wansa ne ya matse. Aka tambayi Babba, ya ce aikinsa lafiya yake, ƙanensa ne ke gudu da kaya kamar ana binsa, ba ya kuma duba ramin mai. Aka rage wa Babba girma, aka rubuta wa Gajere gargaɗi. Kowa ya fito yana ganin ɗan'uwansa ya sayar da shi a gaban baƙi.

Kun sha tambayata, kowa a ɓoye, wa ke da gaskiya. Amsata ba ta canja ba: ban sani ba. An kawo mini boris ɗin na juya shi a hannuna. Farin ƙarfe in ya narke yana tafiya da shaidarsa. Matsi yana narka shi, rashin mai yana narka shi, gudu yana narka shi, ƙwayar yashi ɗaya ma tana iya yi. Duk wanda ya ce muku ya duba ya gane, son ranku yake saye. Wannan shari'a ba ta da alƙali a duniya, kuma ku biyu kun shirya ku kai ta gaban wanda bai san ku ba, wato ƙarfe.

Na san shirin kowannenku, don loko ba ta da sirri, Mai Shebur kuma kunnensa ɗaya ne ya mutu.

Babba, ka ce ba za ka hau ba. Ka ce: “In na hau ya dawo da sanyi, za a ce lallaɓa shi na yi a hanya. Bari ya tafi ba ni, ya dawo lafiya, kowa ya ga hannuna.” Ka kuma ƙara da cewa wanda ya ce hannunka ba kyau ya nemi wani hannun ya taɓa masa.

Gajere, ka ce ba ka buƙatar kowa. Ka faɗa a wurin mai shayi, mutane suna ji: “Gudun da na yi ranar nan shi zan yi, ba ƙari ba ragi. In aikin kirki ne ya ɗauka. In ya narke, a zo a gani.”

Ku dubi abin da kuka haɗa. Ɗaya ya janye hannun da zai ji zafin. Ɗaya zai ba sabon boris gudun da ko tsoho ya sha wuya da shi, yana tsaye a kan sandar, a ransa yana fatan ta yi zafi don a wanke shi. Na yi shekaru ina karanta rahoton haɗurra, namu da na wasu ƙasashe, ban taɓa ganin wanda aka shirya shi da kyau tun kafin ranar kamar wannan ba. Kuma 'ya'yana ne suka shirya shi, su biyu, ba tare da sun yi wa juna magana ba. Rabon da ku haɗu a kan aiki ɗaya haka har na manta.

7. Abin da na gwada, don kada ku ɗauka na tsallake wata ƙofa. Na aika wa manaja baffanku. Mutumin kirki ne, ya karɓe shi da mutunci, ya ce takardun gyara sun cika, doka ba ta ce lallai wanda ya kankare ya hau ba, masu sayen dutse kuma suna jira. Ya ce zai sa wani bakanike ya raka jirgin. Na san wanda zai sa, ba shi da laifi, yana da hankali. Amma bai san abin da Babba ya bari a cikin boris ɗin ba, kuma Gajere ba zai tsaya don shi ba, zai ce masa ɗumin sabon aiki ne, shi kuma ba zai iya musu ba.

Na roƙi Mai Shebur. Ya ce da ƙafafunsa za su hau matakalar jirgi da ya tafi, amma shi wuta ya sani, bai san sanda ba.

Sai na ce to ni zan tafi. A ɗauke ni a kujera a ɗora a kan kwal, a riƙa sauko da ni a kowace tasha. Na fara lissafin wanda zai ɗauke ni. Washegari Uwata ta kawo mini ruwan zafi a kofin ƙarfe, na riƙe shi ina magana, sai ta yi ƙara ta fizge. Fatar yatsuna ta tashi, ni ban ji komai ba. Na juya bayan hannun na ɗora a jikin butar ruwan zafin. Kamar na taɓa bango. Ciwon ya cinye jin. Hannun da ya yi shekara arba'in yana gaya wa direbobi su tsaya ko su tafi, yau bai san wuta da ruwan randa ba. Ban yi kuka ranar da likita ya gaya mini sakamako ba. Ranar kofin nan na yi, Uwata shaida ce.

Saboda haka ba ni da sauran dabara. Ba ni da iko a loko, ba ni da dukiyar da zan yi muku barazana da ita, ba ni da hannu. Ku kaɗai kuka rage mini, ku ne kuma matsalar.

8. Babba. Ban ga aikin da ka yi a wannan karon ba, amma na yarda da shi ba tare da na gani ba. Ni na koya maka, ka kuma wuce ni a haƙurin kankara tun da daɗewa, ko da yake ban taɓa faɗa maka ba. Yau na faɗa, a gaban shaidu, a rubuce. In sunanka kake so a wanke, ga shi na wanke, kuma a garin nan ba wanda ya fi ni sanin boris da zai ƙaryata ni.

To ka hau. Ka sani sarai kyawun aiki ba ya hana ɗumin farko. Ka yi tunanin yammacin ranar, in ka zauna a loko kana jira, jirgi bai dawo ba, sai ga mutum a guje. Me za ka yi da sunan naka a lokacin? Wa za ka nuna wa? Za ka shigo gidan nan ka wuce ƙofar matar ƙanenka da 'ya'yansa kowace safiya har ƙarshen ranka, kana da gaskiya. Kai ka goya shi ka kai shi makaranta ranar da ya ƙi tafiya da ƙafarsa. Kai ka fara ɗora shi a kan jirgi ka nuna masa igiyar usur, ya ja ya tsorata ya yi fitsari a wando, ka rufa masa asiri har yau, ni ne na tona. Ban ce ka ba shi haƙuri ba. Ban ce ka yi masa murmushi ba. Ka hau, ka sauka a kowace tasha, ka ɗora hannu, ka faɗi kalma ɗaya. In masu surutu sun ce lallaɓawa ka yi, to lallaɓawar ita ce aikin, haka aka yi wa kowane jirgin da ya taɓa fita daga hannuna.

9. Gajere. Kai direba ne na gaske. Hancinka ne ya ceci jirgin nan da mutanen cikinsa wancan karon, ba wanda ya gode maka, aka ba ka takardar gargaɗi. Na san abin ya tsaya maka a wuya. Ni na gode maka, ko da na makara.

Amma abin da ka faɗa a wurin mai shayi maganar wauta ce, kuma ka sani. Hanci yana jin wari ne bayan mai ya fara ƙonewa. A fili ka sami lokacin tsayawa. A gangare, da tarago cike da dutse suna tura ka daga baya, kafin birki ya kama an gama. Ba ka da wata shaida da za ka samo daga narkakken boris sai wadda ba za ka tsaya ka ji ana karantawa ba.

Ga abin da nake nema. In wanka ya hau, kada ka ce masa komai, ka matsa masa wuri kawai. Ka tafi da rabin gudunka. Ka tsaya a kowace tasha, ka kuma tsaya a saman gangare kafin ka sauka, ko da ba tasha a wurin. In ya ce a jira, ka rufe tururi ka jira, ko ranka yana tafasa fiye da tukunyar. In kuwa ranar ta zo bai hau ba, kada ka buɗe tururi. Ka sauko ka ce ba ka da lafiya, ka ce ubanka ya hana, ka ce duk abin da ka ga dama, a kore ka in za a kore ka. Direban da aka kora yana samun wani aikin. Na san abin da nake nema ya fi na wanka nauyi, don kai za a yi wa dariya. Ka ɗauka. Ka ɗauka don ni, in ba za ka ɗauka don 'ya'yanka ba.

10. Uwata, wannan naki ne, ke da baffanku, kuma shi ne mafi wuya. Na san 'yan'uwanki. Ko sun yarda sun hau tare, rabin hankalinsu zai kasance a ɗakin nan. In labari ya iske su a wata tasha cewa na cika, Babba zai sauka ya nemi mota, don shi ne babba, zai ga wajibinsa ne ya zo ya tsaya a kaina. Gajere kuma zai saki jirgin a guje don ya iso kafin a fita da ni. Ko wanne aka yi, abin da nake gudu ne.

Don haka na yanke. In Allah ya karɓi raina ranar gwaji, daga lokacin da jirgin ya bar loko har ya dawo aka kashe wutarsa, ba a aika musu. Ba waya, ba ɗan aike, ba wanda zai je tasha ya tsaya da fuskar da za su karanta. Kada kuma a ajiye ni ana jiransu. Baffanku ya tsaya, maƙwabta su ɗauke ni, a kai ni a kan lokaci. Na daɗe ina ganin ranar nan a raina, ɗana ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna saukar da ni. Ba abin da uba ke so ya wuce wannan, ni ma ina so, har yanzu da nake rubutawa ina so. Na bar shi. Kada wani ya zarge ki, ni na sa ki, ga shi a rubuce. Mahaifiyarku ta ji, ta ce in rubuta.

Ku kuma da kuka ji wannan tun yanzu, kun san ba mai zuwa. Kada ku riƙa leƙen hanya a tasha. Ku dubi sandar.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ku da matanku da mijin Uwata da 'ya'yanku. Allah ya sa ku ga tsufan juna. Ya ba mahaifiyarku ranar da za ta zuba muku abinci a kwano ɗaya ta koma ɗaki ta huta. Ku riƙe 'yar'uwarku, ta ɗauki abin da ku biyu ba ku ɗauka ba. Ku riƙe baffanku. Kada ku bar yaranku su gaji maganar da ba su san farkonta ba. Gidan nan ku zauna a cikinsa ku duka, ko da wata rana sai an yi shiru kafin a yi magana.

In kun dawo kun tarar ina nan, ku shigo ɗakin nan tare ku gaya mini wane boris ne ya yi ɗumi, a wace tasha ya sauka. In kun tarar an riga an kai ni, kada ku tsaya wanka ko canja kaya. Ku zo da baƙin man a hannuwanku, ku biyu. Baffanku zai nuna muku wurin.

Mahaifinku.